Usur Ɗin da Ba a Busa Ba

Mai Usur ya ƙarar da ƙarfinsa a tsakiyar mararraba yana ba motoci hannu. Umarni ya iya, kuma da shi ya riƙe gidansa. Matarsa har ta koma ga Allah "to" take ce masa, 'ya'yansa mata biyu kuwa da sun ji takunsa sai kowa ta shiga taitayinta. Mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma ko a jikinsa.

Bayan ya ajiye aiki ne babbar 'yarsa da mijinta suka rasu a hatsarin mota. Ɗansu mai shekara huɗu daga kujerar baya aka zaro shi, ko ƙwarzane babu, aka kawo wa tsohon.

Yaron nan ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ga fashe-fashe, ga ihu, ga cizo, kuma duk gidan ba wanda yake gasa wa haƙori kamar kakan nasa. Makaranta ta koro shi. Baffan yaron, ƙanen ubansa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba.

"Baba, in wata ya ƙare bai gyaru ba zan ɗauke shi. A gidana bulala ce ke magana."

Mai Usur ma ya san bulala. Amma ranar da ya ɗaga wa yaron hannu, sai ya shige ƙarƙashin gado ya jiƙa wandonsa, tun daga nan hannun ya ƙi ɗaguwa.

Autarsa ce ta nemo wata likitar halayyar yara da ke aiki daga gari mai nisa. Sai a jingine waya a ƙafar kujera, a baza kayan wasa a tabarma, a cusa wa tsoho ɗan abin sauraro a kunne. Likitar na kallonsu ta waya, tana raɗa masa abin da zai faɗa, yaron ba ya ji.

"Baba, a lokacin wasan nan ban da umarni, ban da tambaya, ban da faɗa. Abin da ya yi ka faɗa, abin da ya ce ka maimaita."

"Wato aku kika mai da ni? Ke 'yar nan, kin ma taɓa goyo?"

Ya tsane ta, tsana ta gaske. Ya tsani sanyin muryarta, ya tsani yadda take cewa "madalla, Baba" kamar shi ne ɗan yayen. Auta kuwa in ta ji shi yana cewa "ka ɗora shuɗi a kan kore" da muryar da ta saba tsayar da tirela, sai ta ruga kicin ta toshe baki.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wasan motoci. Kullum yaron sai ya ɗauko jar mota da babbar mota ya gwara su. Kullum kuma hannun tsoho sai ya riga shi, ya gitta tsakani: "Kai, tsaya!" Daga nan sai cizo, sai ihu, wasa ya watse.

"Ka bar shi ya gwara su, Baba," in ji likitar.

"A gabana? Mota ba ta taɓa karo a gabana ba!"

"Ba mararraba kake ba. Labari yake son ba ka."

Ya ja tsaki har sai da yaron ya waiwayo.

Ana gobe baffan zai zo, suka sake zama da hantsi. Yaron ya ɗauko motocin nan. Mai Usur ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya. Motoci suka gwaru, ja ta wuntsila. Ya kasa kunne ya ji me 'yar nan za ta ce, sai ya ji ɗif. Layi ya yanke. Ka ji aikin banza, yanzu da ake nemanta!

"Jar mota ta kife," tsoho ya ce da ƙyar.

"Mama na ciki."

"Mama na ciki."

Da ya ji tsoho ya maimaita, yaron ya ɗago ya zuba masa ido, idon nan cike da fushi.

"Kai kake tsayar da motoci. Mama ce ta faɗa min. Ba ka busa usur ba."

Ashe abin da ake cizonsa a kai ke nan. Bakinsa ya cika da hujja: ya ajiye aiki, hanyar ma ba ta garinsu ba ce. Ya haɗiye duka.

"Ban busa usur ba, abokina."

Yaron ya yi kukan kura ya faɗo kansa. Tsoho ya miƙa damtse yana jiran haƙori, amma sai ya ji fuska mai zafi a wuyansa, da kukan da ba a taɓa ji yaron ya yi ba tun da aka kawo shi.

Layi ya dawo. Likitar ta fara, "Baba, yi haƙuri, na…"

"Rufe mana baki. Amfaninki ai sai kin yi shiru."

Bai dai cire abin daga kunnensa ba.

Washegari baffan ya faka motarsa a ƙofar gida, ya tarar da tsoho tsaye a tsakiyar hanya, yaron na riƙe da bayan rigarsa. Mai Usur bai amsa gaisuwa ba. Hannu ya ɗaga masa, ya nuna masa hanyar da ya fito.