Goggo Dije a Bakin Tekun Ayalan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar Goggo Dije ta gindin dutsen Uhudu a Madina ya san ba a miƙa mata abu ta karɓa haka nan. Sai ta juya shi, ta sansana, ta kalle ka ta saman tabarau, ta ce, "Uhum. Akwai magana." Dabino ne, wasiƙa ce, kai, har jariri ranar suna sai ta juya shi ta duba bayansa.

Ni dai na ga abin da ba ku gani ba, don wurina ta je ƙasar Ayalan, can Turai. Lokacin mijina Hamza yana karatun likita a can, na haihu, babu babba a kusa, Baba ya ce ƙanwarsa ta je ta zauna min jego. Wata biyu ana lallashinta. Wai ƙasar da ko alhaji ɗaya daga can bai taɓa zuwa ya sayi carbi a hannunta ba, ita ba ta yarda akwai ta ba!

Da na yi arba'in, Hamza ya ari mota ya ce zai kai mu gaɓar yamma mu sha iska, inda masu hutu ke zuwa kallon duwatsu da teku.

"Wa za mu gaisar?" in ji Goggo.

"Ba kowa, ya Ammati," in ji Hamza, don haka yake ce mata goggo da Larabci. "Kallo ne."

"Awa huɗu a mota, ba gaisuwa, ba ta'aziyya?"

Ta shiga dai, ta rungume jaririn. Muna fita gari ƙasa ta koma kore shar, tudu bayan tudu. Tun tana Madina da na aika mata katin hoton ƙasar ta ce koren fenti ne. Ta sa aka tsaya, ta fita, ta tsinko ciyawa, ta murza a gefen farin mayafinta. Wuri ya yi kore.

"Kun gani? Yana zuba!"

Hamza ya fara bayani irin na 'yan makaranta, sai ga garken tumaki sun tare hanya, kowace da shuɗi ko ja a gadon baya, alamar masu su. Goggo ta tafa hannu.

"Halas, magana ta ƙare! Mutanen da suka shafa wa tumaki fenti, ciyawa za su ƙyale?"

Muka isa wurin. Wallahi abin kallo ne: dutse ya yanke tsaye kamar an sa wuƙa, teku can ƙasa yana dukansa yana farin kumfa, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Turawa sun yi layi suna leƙawa. Goggo ta dube su ta dubi dutsen.

"Wa aka binne a nan?"

"Babu kowa."

"An yi yaƙi?"

"A'a."

"Taro haka, ba shahidi, ba kuma mai rumfa ko ɗaya? Da abin da suke ɓoyewa a ƙasan nan."

Sai Hamza ya fito da kyamara, ya ce mu tsaya teku yana bayanmu. Ya duba, ya ce mu ɗan matsa baya. Na ji an damƙe min wuyan hannu.

"Ke Safiya," ta ce ƙasa-ƙasa, "kun yi faɗa da shi ne?"

"Haba Goggo!"

"Namiji ya ɗauko matarsa da goggonta, ya kawo su bakin rami, yana cewa ku matsa baya?"

Hamza ya ji. Ya ce, "Ya Ammati, wallahi hoto ne kawai, bas! Ga katanga ma a bayanku."

"Tayyib, na ji. Zo kai ka tsaya, ni in ɗauka."

Hoton yana nan a wurina. Hamza ne shi kaɗai, babu kansa a ciki.

Da la'asar muka sauka wani rairayi inda ruwan ke zuwa a hankali. Goggo ta zauna nesa, ta tambayi Hamza inda ruwan nan ya ƙare. Ya ce bai ƙare ba, in mutum ya bi shi ya yi kudu, shi ne dai har Legas, bakin ƙasarmu.

Kun san tana da shekara bakwai aka fito da ita daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, a ƙafa, ta Cadi da Sudan zuwa aikin hajji, aka bar yayarta Hauwa wurin kaka da niyyar za a koma. Ba a koma ba.

Ta miƙo min jaririn. Ta cire takalmi, ta tattare zani, ta taka har ruwa ya kai mata idon sawu. Sanyi ya sa ta yi salati da ƙarfi, amma ba ta fito ba. Ta sunkuya ta ɗebo da hannu biyu, na ji tana cewa, "In ka je, ka gaida Yaya Hauwa. Ka ce Dije ce, ta tsufa."

Da ta juyo ta ce iska ce ta shigar mata ido, kada wanda ya kalle ta.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta a Baƙi'a. Ya haɗa ta da yayarta inda ba a rabuwa. Amin.