Batirin da Kawu Ya Ɗauka Aro

Shekarar da ruwa ya yi yawa, ni da ƙanena munka haɗa ƙarfi munka sayi injin jirgi, saboda gonarmu ta shinkafa tana ƙetaren gulbi, bayan Fagada. Injin irin na zamani ne, ba shi da kabureta, famfo ne ke fesa masa mai, kuma da makulli ake tada shi kamar mota.

Ranar da za mu fara yanka, ruwa na ƙaruwa ana gani. Na ɗauko 'yan ƙwadago daga Katanga, sunka shiga jirgi da laujensu. Na murɗa makulli, inji ya juya a kasalance, ya ƙi kamawa. Na sake, haka.

Na duba igiyar nan ja da ake ɗaurawa a hannu, wadda in ta fita inji ba ya tashi, tana wurinta. Giyar injin na furi, ba ta shiga ba. Na matsa robar tiyon mai har ta yi tauri. Ƙanena ya ce ko ruwa ne cikin fetur, munka zuba a kwalba munka ɗaga ga rana, tas yake. Na kwance fulogi na goge, na cire filta na hura. Kowa da ke bakin gulbi ya zama bakanike. Wani mai gyaran babur har ya fito da sukundireba yana neman kabureta, sai da na riƙe hannunsa.

Hantsi ya dubi ludayi ban ci komai ba, na kira bakaniken da ya ɗaura mana injin a Jega ta waya. Ya ce in murɗa makulli rabi in kasa kunne. "Kana jin famfo na kuka?"

Na ce ina ji, amma kamar na mara lafiya.

"To wuta ce ba ta isa. Wanga inji ko yana juyi, in batir ya yi sanyi ba ya fesa mai. Duba batir."

Na ce ai sabo ne. Ya ce in dai duba.

Da na buɗe akwatin batir, sai na ga wani tsohon batir da cikinsa ya kumbura, kansa ya yi tsanwa, an ɗaure shi da waya. Ba namu ba ne. Na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai. Ashe jiya da la'asar Kawu, yayan Innarmu, ya zo gida ba na nan. Akori-kurarsa ta ƙi tashi, ga lodin albasa zai kai Aliero. Ya cire namu, ya sa nasa, ya ce wa ƙanena kada ya dame ni da zancen, jirgi ai ko da mi tashi yake.

Kafin in samo wani batir azahar ta wuce, 'yan ƙwadago sun watse. Washegari da munka ƙetara, ruwa ya shanye gefen gonar da ke kwari. Na tsaya cikinsa har gwiwa ina kallon zangarniya a ƙarƙashin ƙafata.

Kawu bai dawo da batirinmu ba sai ranar kasuwar Maiyama, ya aiko da shi a bayan babur, ko sannu babu. Na same shi a ƙofar gidansa na ce, "Kawu, da ka gaya mini, ai da kaina zan kawo maka."

Ya ce, "Mi kake nufi? Sata na yi? Kayan ɗan ƙanwata ne, sai na nemi izni?"

Na ce shinkafa ta nutse. Ya ce ruwa na Allah ne.

Da na kai wa maƙeri ya yi wa akwatin murfin ƙarfe da kwaɗo, sai magana ta juya. Ni ne marowaci, ni ne na kulle wa dangi kaya. Kawu ya daina amsa gaisuwata. Inna ta kira ni ta ce, "Ɗan'uwana ne hwa. Ka tai ka ba shi haƙuri."

Na ce, "Inna, ni da anka ɓata wa gona?"

Ta ce ba ta tambaye ni gona ba.

Na tafi, na tuɓe takalmi, na durƙusa na ce a yi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce ya yafe, yaro ai ba ya rasa kuskure. Ina da mata da 'ya'ya, furfura ta fara fito mini, amma haka na tashi na ce na gode. A hanyar komawa gida ban iya gaida kowa ba.