Ranar da Inna Ta Wanke Jar Tukunya

Ba tukunya na je saye ba ranar. Albasa da manja suka kai ni kasuwar Illela wata Lahadi, sai ƙafa ta ja ni layin 'yan gwanjo, inda ake baje kayan kicin na Turai da ake shigowa da su ta garin Ƙwanni, ƙetaren iyaka. Can na hango ta a tsakiyar tarkacen cokula da farantai, ja jawur, da murfinta. Na ɗauka irin langar nan ce marar nauyi ta jeren ɗaki. Na sa hannu ɗaya zan ɗaga, saura kaɗan wuyan hannuna ya goce. Ashe baƙin ƙarfe ce mai kauri, an lulluɓe ta ciki da waje da wani rufi mai santsi kamar tangaran. Cikinta fari tas, ko ƙwarzane babu.

Mai kayan, wani dattijo mai yawan magana, ya ga idona ya faɗa, sai ya shiga kafa mini sharuɗɗa.

"Hajiya, wagga ba a yi mata gaggawa. Kak ki sa mata soson ƙarhe. Kak ki ɗora ta bisa wuta ba komi ciki. In tana da zahi, kak ki zuba mata ruwan sanyi, rufin tsagewa shikai."

Na ce masa to ai wannan ba tukunya ba ce, sarauniya ce. Amma na saya. A kan cinyata na rungumo ta bayan ɗan kabu-kabu har gida, manjan ma na manta da shi.

Ni malamar firamare ce, kuma tun tasowata tukwanen dalma na sani, waɗanda maƙera ke zubawa. Ana dukansu, ana jifa da su, ana ba da aronsu gidan biki su dawo a lotse, ba wanda ya damu. Wannan ce abu na farko da na mallaka wanda yake bukatar lallashi, kuma na lallashe ta. Wuta kaɗan nake kunna mata a kan gas. Cokalin katako na saya dominta. In na gama girki sai ta huce don kanta, sannan in jiƙa ta da ruwan ɗumi, in wanke da soso mai laushi, in tsane ta da ƙyalle. Bakinta, inda ƙarfen yake tsirara, ina shafa masa ɗigon man gyaɗa don kada ya yi tsatsa. Ita kuma ba ta ba ni kunya ba. Naman da kan ci mini rabin yini a dalma, a cikinta sai ya yi luguf, miyar taushe kuwa tana nan da zafinta har mutanen gida su dawo daga masallaci. Maigidana, wanda fataucin wake yake yi tsakanin nan da ƙetaren iyaka, yakan tsaya bakin kicin yana kallona.

"Malama, ko ɗiyanmu ba su samu wanga reno ba," in ji shi.

A shekarar ne muka ɗauko Inna, mahaifiyata, daga ƙauyenmu Araba. Yanar ido ta ci ƙarfinta, sai dishi-dishi take gani, gidan kuma ba kowa tun rasuwar mahaifinmu, ga katanga ta soma zubewa. Da ƙyar ta yarda ta biyo mu. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" take ce mini, kuma zama a gidan suruki nauyi yake mata ƙwarai.

Girki ya fi ƙarfinta, tsintar shinkafa ma haka. Abu ɗaya ya rage mata, wanke-wanke, domin shi da hannu ake ganinsa. A Araba da bayan tukunya ake gane mace, kuma ta Inna har misali ake yi da ita. Kullum da hantsi sai ta zauna gindin dogon yaro, ga rairayi a kasko, ga toka, wadda ita take kira habɗi, ta yi ta dirzar tukwanen dalma tana bin su da yatsa. Inda duk yatsanta ya ji kaushi, ba ta bari sai ya yi sumul. Maƙwabta suna cewa na sa tsohuwa aiki. Ba su san cewa ranar da ba ta yi wanke-wanken nan ba, abincin kirki ba ta ci.

Ban taɓa gaya mata komai a kan jar tukunyar ba. Wannan laifina ne, kuma na daɗe ina juya shi. Na ji kunyar in ce wa uwar da ta haife ni ga abin da ba za ta taɓa ba a gidana. A can ƙasan raina kuma, in faɗi gaskiya, na raina ta, na ga ba za ta gane ba. Sai kawai nake wanke abata in ɗora can saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa.

Wata Asabar na yi dafa-duka da safe a jar tukunyar, hankalina ya rabu, ta kama a ƙasa. Na juye abincin, na zuba wa tukunyar ruwan ɗumi, na ajiye ta a ƙasa bakin kicin don ta jiƙa. Sai aka aiko maƙwabciyata ta sauka, na yafa mayafi na tafi barka. Na ce minti goma zan yi. Hira ta yi daɗi, sai da aka kira azahar na tashi.

Tun daga zaure na ji ƙarar, ƙarat, ƙarat. Inna tana gindin dogon yaro, jar tukunyar tsakanin ƙafafunta, wuƙar yankan albasa a hannunta. Ta riga ta bi ta da rairayi da toka har ƙyallin ya mutu. Da ƙonon ya ƙi fita ta sa tsinin wuƙa, rufin ya ɓantare. Yatsanta ya ji bakin ɓantarar da kaushi, ta ɗauka sauran ƙanzo ne, sai ta ci gaba da ɓamɓara. Kowane ɓallin da ta cire yana barin wani bakin mai kaushi, ita kuma tana bin sa. Lokacin da na iso, baƙin ƙarfe ya bayyana a gindin tukunyar, faɗin tafin hannu.

Ta ji takuna, ta ɗago fuska tana murmushi.

"Ke, tukunyag ga taki, ƙanzonta taurin kai gare shi. Tun hantsi nike hwama, sai yanzu yas soma tashi."

Ina da zuciya, duk wanda ya san ni ya san haka, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na fizge tukunyar.

"Inna! Mi kiy yi haka? Wa yas sa ki? Ba ki gani, mi yak kai ki taɓa abin da ba ki sani ba? Ki zamna wuri guda mana!"

Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabciyar da ke bayan katanga ta ji. Inna ta ajiye wuƙar a hankali. Murmushin bai ɓace nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskarta, kamar maganar ba ta gama isa ba.

"Ashe ɓanna niy yi," in ji ta. "Yi hanƙuri, ban sani ba."

Ta laluba buta ta wanke hannu. A lokacin na ga jini a yatsunta biyu, ɓallin rufin ya yayyanke ta, kaifi gare shi kamar kwalba. Na ga jinin, amma fushi bai bar ni na ce sannu ba. Na shige kicin da tukunyata ina kuka, kuma tukunyar nake yi wa kukan.

Washegari ba ta fito gindin dogon yaro ba. Na shiga ɗakinta na durƙusa na roƙi gafara.

"Ba ki yi man komi ba," ta ce. "Ai gaskiya ta, ba ni gani."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na kai tukunyar wurin maƙera, suka juya ta suka ce ba aikinsu ba ne, rufin nan ba ya gyaruwa, kuma in na ci gaba da girki ɓallinsa zai riƙa shiga abinci. Ban ma ji zafin hakan ba, domin kafin nan abin da ya fi shi ya taso. Inna ta kira maigidana ta tambaye shi yaushe ake samun motar Araba. Araba, inda ba mai ɗebo mata ruwa, ba mai gaya mata ga rami a gabanta. Tsoro ya kama ni sosai. Na san in ta tafi, bakina ne ya kore ta.

Na yi dabara iri-iri. Na tara tukwanen dalma da gangan, na kai gindin dogon yaro tare da rairayi da toka, na yi ta mita da ƙarfi cewa aiki ya yi mini yawa. Suka yini a nan ƙudaje na bi, da la'asar na wanke abina. Na aika wa ƙanwar mahaifina ta zo ta ba ta baki. Daga ƙarshe maigidana ne ya shawo kanta. Ya zauna ƙasa a bakin ƙofarta ya ce in ta tafi, shi za a zaga a gari, a ce ya kasa riƙe surukarsa. Don kunyarsa ta ce ta fasa. Na yi murna, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kamar mako biyu, wata rana da zafin rana, ina tuƙa tuwo sai na ga ta fito tana bin bango da hannu. Randa ta nufa. Ta buɗe faifan da ke kai, ta miƙa hannu wajen moɗa, irin ta roba da yara ke jifa da ita a tsakar gida. Sai hannun ya tsaya bai sauka ba. Ta juyo wajen da take jin motsina.

"Ke, moɗag ga ana sha da ita, ko ita ma ta ajiya ta?"

Na saurara ko zan ji gatse a muryarta. Babu. Tambaya take yi tsakani da Allah, tana jiran amsa, ga ƙishirwa.

"Sha, Inna," na ce.

Ta sha. Da ta gama ba ta mayar da moɗar kan randa ba, ta miƙo mini da hannu biyu in ajiye da kaina.