Ƙaramar Kalma a Allon Nevena

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, Allah ya karɓi ran Nevena Karadjova, malamar harshe a makarantarmu ta garin Troyan a ƙasar Bulgariya, tana da shekara hamsin da takwas. Kafin a tashi daga makaranta an manna takardar rasuwa mai hotonta a bakin ƙofa, yara suka tsaya suna karantawa.

Nevena, shekara talatin muka yi tare, ke a aji, ni daga baya a kujerar shugabar makaranta. Da banitsa, gashin fulawar nan mai cuku, kike zuwa duk Litinin, ki raba, ki ce ke kin ƙoshi. Mu sa'o'inki mun tsufa muna ƙyamar na'ura, ke kuwa da furfurarki kika tono wani shafi a intanet: kowane yaro ya aika kalma ɗaya daga wayarsa, ba suna, kalmomin su taru a allo kamar gajimare. Wadda mutane da yawa suka faɗa ta yi ƙatuwa, wadda mutum ɗaya ya faɗa ta maƙale a gefe, sai an ƙura ido. Ni wasan yara na ɗauke shi, kuma ban ɓoye miki ba.

Ke daga ƙaramar kike farawa. Wata rana aji ya cika allo da "hutu" da "ƙwallo", can ƙasa ga "Mama". Ba ki tambayi mai ita ba. Kin sa kowa ya rubuta jimla ɗaya a kan wanda yake kewa, kika ɗora jimlolin a kan hotuna da wata manhajar, kowa da sunansa a ƙasa kamar manyan marubuta, kika jera a bango. A nan muka san ɗalibarki Radostina ta shekara biyu ba ta ga uwarta da ke aikatau a Spain ba. Kakarta ta zo da sanda ta ɗauki hoton bangon ta aika wa uwar.

Abin da ya hana ni sukuni ya faru a watan Satumba, a taron malamai kafin a buɗe makaranta. Kin roƙe ni minti biyar mu ma mu gwada: kowa ya faɗi yadda ya shigo sabuwar shekara. "Gajiya" ta cinye allon, aka yi dariya. A kusurwa akwai "tsoro", 'yar mitsitsiya.

Kika ce mini, "Stoyanka, ƙawata, mu duba ta gefen nan mana."

Na dubi agogo, na ce, "Haba Nevena, mu ba yaranki ba ne. Mai jin tsoro ya je ya sha kofi, jadawali na jiran mu."

Aka sake dariya. Kika yi murmushi, kika kashe na'urar, kika zauna.

A Janairu kika daina zuwa, kika ce ciwon baya ne, ni kuma na yarda domin yardar ta fi mini sauƙi. Sau ɗaya na leƙa ki, shi ma zancen wanda zai riƙe ajinki muka yi.

A maƙabarta, ana raba dafaffiyar alkama kamar yadda muka saba in an yi rashi, mijinki Lyuben ya ja ni gefe. Ya ce kwana biyu kafin taron nan likita ya ba ki sakamakon gwajin da ya nuna mugun ciwo. Ya ce kin gaya masa bakinki ba zai iya furtawa ba, amma za ki sa a allo, Stoyanka za ta tambaya, tunda ta san halinki.

Ya ce, "Da ta dawo na ce, yaya? Ta ce, ba lokaci yau."

Ba da zargi ya faɗa ba, da ma ya zarge ni ɗin. Na san halinki kuwa, fiye da duk wanda ke ɗakin nan. Na ga kalmar, na san dalilin da kike farawa daga gefe, na zaɓi jadawali. Ina jin kunya, Nevena, kuma ina kewarki ƙwarai.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi, ya kai ki inda babu sauran tsoro. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lyuben, da 'yarku Desislava, da ɗalibanki na aji tara. Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Ni kuma ku roƙa mini gafara, domin wadda zan roƙa ta tafi ban tambaye ta ba.