Ƙwayar da Ta Rufe Ƙofa

Yayata ba ta iya zama ba. Tun muna yara Inna ke cewa kamar an zuba mata ƙaiƙayi a zani, kuma har furfura ta fito mata halin bai sake ta ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take gaisuwa. In ta leƙo shagona na ɗinki sai ta gyara mini zaren da ban ce ya dame ni ba, ta fice kafin ruwan shayi ya tafasa.

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti take aiki, inda ake kiwon ƙwayoyin cuta. E, kiwo na ce. A kawo mata mugunya ko fitsari, ta shafa a faranti, ta jera 'yan takardun magani a kai, ta sa a ɗumi. Washegari in magani na ci, sai a ga fili fetal kewaye da takardarsa. In ba ya ci, ƙwayar ta mamaye har gindinta.

Ni kam na sha karatu a wurinta ba da son raina ba. Wai wata irin ƙwaya riga biyu take sawa, ta wajen kuwa magani ba ya ratsa ta da daɗi. To ta ina za ta ci abinci? A jikin rigar akwai wasu furotin, kowanne a naɗe kamar ɗan bututu, su ne ƙofofinta. Ta nan abinci ke shiga, ta nan magani ke saɗaɗawa ya kashe ta. In mutum na shan magani barkatai, yau biyu gobe babu, masu ƙofa a wangale su mutu, masu matsattsiyar ƙofa su rage su hayayyafa. Wasu ma har famfo gare su, magani na shiga suna watso shi waje.

A kan wannan ba wanda Yaya ba ta yi faɗa da shi ba: mai kemis, maƙwabta, ni kaina. Ashe ana zaton wuta a maƙera, a masaƙa za ta tashi. Mijinta, direban babbar mota, mutum mai barkwanci da ke kiranta Likita don tsokana, shekara da shekaru yana ɓoye kafso a aljihun mota. Gajiya kafso, ciwon kai kafso, kamar mai cin gyaɗa. Ga ciwon suga. Ƙusa ta soke shi a ƙafar dama, ya rufe da safa ya yi gum, sai da wari ya tona masa asiri. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ba a yarda ma'aikaci ya gwada na ɗan'uwansa, don haka abokiyar aikinta ce ta shafa farantin. Da safe Yaya ta leƙa ta saman kafaɗarta, ba fili ko na ƙwayar ido. Magani ɗaya ya rage, wanda ba ruwansa da ƙofa, rigar kanta yake yagawa, amma yana cin ƙoda, ƙodar maigidan kuwa dama ta gaji. Likitan da ke duba shi ya ce ko a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ko a yi caca da ransa.

Maigidan ya ce atafau. Da wannan ƙafar yake taka totur da birki, da ita ya ciyar da gida, gara a kai shi kabari da abarsa. Yaya ta zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai: daga ofis zuwa ofis, waya a kunne, tana tambayar wasu asibitoci ko akwai abin da ba a gwada ba. Zazzaɓi kuwa sai hawa yake, baƙin da ƙafar ta yi na haurowa sama da idon sawu. Tsoro ya kama ni sosai.

Ranar da ya fara sambatu, da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya sa dangi suka fita, ya bar mu mu biyu.

"Likita," ya ce mata, "ba ko ƙofa ɗaya da ta rage?"

"Babu, Baban yara. Da idona na gani."

"To me kika ce?"

"Ni dai ba ƙafa na aura ba."

Ya yi 'yar dariya hawaye na bin kunnensa, ya ce a kira likitan.

Da azahar aka tura shi ɗakin tiyata. Yaya ta bi gadon da sassarfa har inda aka tsayar da ita, takalmansa biyu a hannunta. Ta juyo ta dube ni, ta dubi takalman, sannan ta miƙo mini na daman ta ce in tafi da shi gidana, kar ya farka ya gani.