Littafin Babana Mai Zanen Dodo

Shekarun baya, ina aiki a masaƙa a Kakuri cikin Kaduna, babana ya rasu a ƙauye aka kawo mini akwatinsa. Katikis ne, mai koyar da addini a coci, yana wa'azi tun kafin a haife ni. A cikin kayan akwai wani littafin rubutu mai kauri, bangonsa duk maiƙo. Ni lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, yatsa nake dangwalawa. Ina buɗewa sai ga zanen dodon garinmu da rigarsa ta ganye, har shafi uku.

Matata ta leƙo, ta ja da baya. "Baban yara, wannan abin ba zai kwana a gidan nan ba." Ni kuma sabon shiga ne a ƙungiyar addu'a, zafin kai na ɗibata. Ban kai wa kowa ya karanta mini ba, don kunya nake ji a ce katikis ya ajiye kayan tsafi. Na cusa shi a murhu, har da 'yar waƙata.

Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a cocinmu a Sabon Tasha. Wata rana malaminmu, wanda ya yi makarantar fastoci, ya kauce daga darasi kamar yadda ya saba. Ya ce Kiristocin farko sun riƙa rubuta labaran allolin Girkawa dalla-dalla don su ƙaryata su, kuma akwai labaran da yau ba a samun su sai a littattafan nan nasu. 'Yan aji suka yi ta dariya. Ni kuwa littafin baba na tuna.

Da Kirsimeti na je gida na tambayi goggona, ƙanwar baba.

"Littafin nan?" ta ce. "Rani uku ubanka yana bin tsofaffi da biro. Su faɗa masa yadda dodo ya fito daga dutse, ya rubuta, a ƙasa ya sa amsarsa daga Littafi Mai Tsarki. Suna zaginsa, suna ƙara masa wani labarin. Yana wurinka, ko?"

Na ce mata e.

Har ta rasu tana gaya wa mutane labaranmu suna Kaduna a ajiye. Tsofaffin kuwa babu ko ɗaya da ya rage.

Yanzu ina karatu a hankali, ina bin layi da yatsa. Na karanta allon shaguna, na karanta takardar asibiti, na karanta wasiƙar 'yata. Amma ban san yadda babana yake rubuta ko da harafi ɗaya ba.