Katangar da Muka Tayar da Inna

Daminar da ta biyo bayan rasuwar maigidana, katangar bayan gidanmu a Wara ta faɗi. Ruwa ya kwana yana zuba, da safe na fito zan hura wuta sai na hango tafki daga tsakar gidana, har da jiragen masunta suna dawowa. Ɗiyata babba ta tsaya kusa da ni ta ce, "Mama, ashe haka ruwan yake kusa da mu?"

Na sayo zana na kafa. Awakin maƙwabta suka cinye gindinta, kaji suka mai da wurin hanya. In na shanya shinkafa sai wani cikin yaran ya zauna gadi. Akwai magini a unguwarmu, abokin marigayi ne, ya ce in bari ruwa ya ɗauke. Da ruwa ya ɗauke, ya ce in bari a gama yankan shinkafa. Ba mugun mutum ba ne, gona ce ta sha kansa, ni kuma ban iya zarya ƙofar gidan mutane ba.

Ana nan sai Inna, mahaifiyata, ta zo daga Shanga. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta zagaya ta dubi wurin.

"Wa kike jira?" in ji ta.

"Magini, Inna."

"Ƙasa ta ƙare garin ga? Ko ruwa kunka rasa, ga shi har yana kayar muku da gini?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Washegari ta sa muka tara ƙasar tsohuwar katangar wuri ɗaya, na aro baro na ɗebo jar ƙasa daga bakin kududdufi. Muka zuba ƙaiƙayin shinkafa, muka jiƙa, ni da ɗiyata muka ɗaure zane a gwiwa muna tattakawa. Inna ba ta da ƙafar wannan aiki. Tana zaune kan 'yar kujera tana dunƙula tubali, tana jera su a rana, tana faɗa in ta ga kwaɓin ya yi ruwa.

Da sassafe muke yi, kafin in ɗauki kifin banda in tafi kasuwa, sai kuma bayan la'asar. Tuwo ya riƙa makara. Yara ba su damu ba, su dai murnarsu an bar su su yi kaca-kaca da laka ba mai tsawata musu.

Wata rana ina tonon ƙasa sai hannuna ya ci karo da wani turken ice. Shi marigayi ya kafa a jikin katangar yana rataya komarsa ta kamun kifi. Na zauna nan cikin ƙasar riƙe da shi, hawaye suna zuba. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tubalinta. Can ta ce, "In gini ya kai ƙirji, ki mai da shi inda yake. Kya rataya igiyar shanya." Haka kuwa na yi.

Ranar da muka fara jera tubali, matan maƙwabta suka leƙo kallo, kallo ya koma aiki. Wata Bakambara da muke zama kusa a kasuwa ita ta fi kowa iya yaɓe. Katanga ta tashi, sai dai ta ɗan karkace a tsakiya kamar mai ciwon baya.

Sai a lokacin magini ya zo. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Ki gafarce ni, uwar yara." Na ce ba komai, na kawo masa ruwa. Ya tura ginin da kafaɗa, ya ce zai tsaya. Shi ya hau ya yi mana saman, inda hannunmu bai kai ba.

Inna ta koma gida da ƙullin kifi da ciwon ƙugu. A tasha, ta riga ta shiga mota, ta leƙo ta taga ta ce in ƙara yaɓe kafin ruwan fari. Na ce to. Da bazara ta zo, ni kaɗai na yi shi, kuma bai ba ni wuya ba.